Sunan da Masana Suka Janye, Kasuwa Ta Riƙe

A shekarar 1967 wani likita mai suna Peter Wolf, a Jami'ar Birmingham ta Ingila, ya ɗebi jinin mutum ya tsame duk wata ƙwaya da aka san tana cikinsa, har da 'yan mitsi-mitsin nan da ke daskarar da jini idan mutum ya yanke. Ruwan da ya saura bai rasa ƙarfin daskarewa ba. Sai ya zuba shi a na'urar da ke wulwula kwalba da gudun fitar hankali, har duk abin da ke da ɗan nauyi ya kwanta a gindi. Da ya duba abin da ya kwanta a madubin lantarki, sai ya ga burbushi masu maiƙo da suka ɓantalo daga jikin waɗancan ƙwayoyi. Ya kira su ƙura.

Ba za a ga laifinsa ba. Galibin irin waɗannan burbushi ba su wuce nanomita 100 ko 200 ba, alhali sai an tara nanomita miliyan ɗaya ake samun milimita guda. Jar ƙwayar jini ɗaya ta kai nanomita 7,000 zuwa 8,000. Yau dangin wannan ƙura ake ɗurawa a 'yar kwalba a ɗakunan gyaran fata na Seoul da Dubai, ana sayarwa da tsada da sunan eksozom, ana cewa daga ƙwayoyin tushe aka tatso su, suna kwantar da kumburi, suna mayar da tsoho yaro. Wanda ya bi sunayen da ke cikin wannan talla ɗaya bayan ɗaya zai ga abu guda yana maimaita kansa. Masana su raɗa suna cikin zumuɗi, bincike ya zo ya ƙaryata rabin alkawarin da sunan ya yi, su dawo su janye shi. Kafin nan 'yan kasuwa sun riga sun yi gaba da shi.

Eksozom a ma'anarsa ta yau daga jinin tumaki ya fito. Rose Johnstone, masaniyar sinadaran jiki a Jami'ar McGill ta Kanada, tana nazarin yadda jar ƙwayar jini ke balaga. Lokacin da ƙwayar take ɗanya tana buƙatar sinadarin ƙarfe mai yawa, don haka fatarta cike take da wani furotin da ke kamo mata shi daga jini. Da ta nuna sai furotin ɗin ya ɓace. Ina yake zuwa? A 1983 ɗakin bincikenta da wani a St. Louis ta Amurka, inda Clifford Harding da John Heuser da Philip Stahl ke aiki da jinin ɓeraye, suka ba da amsa iri ɗaya. Na St. Louis garin zinariya suka liƙa wa abin don su bi sawunsa a madubi. Ƙwayar kan lanƙwaso fatarta ciki ta yi jaka. Bangon jakar ya riƙa tsirar da ƙananan jakunkuna zuwa cikinta, furotin ɗin na manne a jikinsu. Can sai babbar jakar ta matso ta haɗe da fatar waje, ta buɗe baki, ta amayar da 'ya'yanta. A 1987 Johnstone ta kira 'ya'yan nan eksozom, daga kalmomin Girkanci biyu, ɗaya na nufin waje, ɗaya na nufin jiki.

Sunan ma ba sabo fil ba ne, don wasu masu bincike sun yi amfani da shi a 1981 ga wasu burbushi dabam. A 1997 kuma masu nazarin yis suka ba wata na'urar furotin da ke cikin ƙwaya, wadda aikinta daddatsa RNA, wannan suna dai. Har yau ɗalibin da ya nemi kalmar a intanet abubuwa biyu da ba su haɗa komai ba zai gani.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne, a wurin Johnstone sunan yana nuni ne ga hanyar fitowa: wanda aka ƙera a cikin waccan jaka aka amayo shi. Kuma an ɗauke shi hanyar zubar da shara. Kusan shekara goma ba wanda ya damu da shi sosai, sai a 1996 da Graça Raposo da abokan aikinta a Utrecht ta Holan suka nuna cewa wanda wasu fararen ƙwayoyin jini ke fitarwa yana iya tayar da wasu ƙwayoyin garkuwar jiki su fara aiki. A 2007 ɗakin binciken Jan Lötvall a Gothenburg ta Suwidin ya ƙara wani mataki: suka ɗebo eksozom daga ƙwayoyin ɓera, suka zuba wa ƙwayoyin mutum, sai aka ga furotin na ɓera a cikin na mutum. Ashe akwai RNA a ciki, wato umarnin ƙera furotin, kuma mai karɓa yana iya karanta shi. Daga nan shara ta zama saƙo, kowa ya ruga.

Da rugawar ta zo da annobar sunaye. Wanda ya samo nasa a ruwan maniyyi ya ce furostasom, na ƙwayar kansa ya ce onkosom, wani ya ce ektosom, wani ya ce maikurobezikil. Amma eksozom ya fi daɗin faɗi, ya fi kawo kuɗin bincike, don haka mutane da yawa suka riƙa liƙa shi ga duk abin da suka samu. A nan matsalar take. Mai bincike ya ɗebi ruwan da ƙwayoyi suka kwana a ciki, ya wulwula shi sama da awa ɗaya da ƙarfin da ya ninka jan ƙasa sau 100,000. Abin da ke kwanciya sau da yawa ido ba ya ganinsa, sai dai ya sa alama da biro a gefen kwalbar inda yake sa ran ya taru. A cikin wannan ɗigo akwai wanda ya fito ta jakar Johnstone, akwai wanda ya tsiro kai tsaye daga fatar waje ya ɓalle, akwai guntayen ƙwayoyin da suka mutu, akwai dunƙulen furotin da kitsen jini. Idan an ciyar da ƙwayoyin da ruwan jinin maraƙi, kamar yadda aka saba, ba a tace shi ba, to har na saniya yana ciki. Girmansu ya shiga juna, alamomin da ake nema a jikinsu irin su CD9 da CD63 da CD81 ba su keɓanta ga iri ɗaya ba. Ba wanda zai kalli ɗigon ya rantse cewa ta jaka kowa ya fito.

Ƙungiyar masu wannan bincike ta duniya, ISEV, wadda ta yi babban taronta na farko a Gothenburg a 2012, ta fitar da ƙa'idoji a 2014, ta sabunta su a 2018 da sa hannun masana kusan 400, ta sake sabuntawa a ƙa'idojin 2023. Shawararta: a bar cewa eksozom sai wanda ya tabbatar da hanyar fitowa. A yi amfani da suna mai faɗi da bai yi da'awar komai ba, wato jakar da ke wajen ƙwaya, EV a taƙaice, sannan a faɗi abin da aka auna da gaske, ƙarami ne ƙasa da nanomita 200 ko babba, daga wace ƙwaya, da wace dabara aka tace. Wannan ja da baya ne, kuma a ganina shi ne abu mafi daraja da fagen ya yi.

Kalmar da suka zaɓa daga Latin take, ma'anarta 'yar mafitsara, likitocin fata kuma da ita suke kiran bororo. A Hausa ni dai ƙulli zan ce, irin wanda mai kayan miya ke yi a leda: ledar ita ce fatar maiƙo mai ninki biyu, abin da ke ciki kuwa ya danganta da wanda ya ƙulla, furotin da RNA da maiƙo, kowa da nasa awon. Ƙulli bai gaya maka ko gishiri ne ko guba. Haka abin yake, domin ƙwayoyin kansa ma suna aika nasu, kuma binciken ɗakin David Lyden a New York a 2012 da 2015 ya nuna yana share wa ciwon fage a gaɓoɓin da bai kai ba tukuna.

To wa ya ƙulla wanda ake cewa yana warkarwa? Ƙwayoyin tushe, in ji masu talla. Nan ma sunan ya sha wahala. Ernst Haeckel ne ya yi amfani da kalmar Jamusanci Stammzelle a 1868, kuma Stamm na nufin gangar itace, yana kuma nufin tsatson zuriya. Tushe ke nan. Ƙwayar tushe ta gaske abu biyu take yi: ta haifi irinta, ta kuma haifi wasu da za su zama wani abu dabam. James Till da Ernest McCulloch sun tabbatar da wadda ke haifar da jini a Toronto a farkon shekarun 1960, kuma ita ce ake dasawa idan an ce an yi dashen ɓargo. Wannan magani ne tabbatacce. A Nijeriya an fara yin sa a 2011 a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin, ga wani yaro mai sikila.

Amma ɓargo na da wasu mazauna. Alexander Friedenstein a Mosko, a shekarun 1960 da 1970, ya lura da wasu ƙwayoyi da ke manne wa gindin faranti, waɗanda ke iya yin ƙashi idan an dasa su a jikin dabba. A 1991 Arnold Caplan na Jami'ar Case Western Reserve a Cleveland ya ba su sunan da ya game duniya, wanda ake taƙaitawa MSC, harafin tsakiya na tsaye ne a madadin tushe. A faranti suna zama ƙashi da guringuntsi da kitse. Daga baya aka samo masu kama da su a kitsen jiki da igiyar cibiya. Fatan da aka yi a fili yake: a yi allurarsu, su nemi wurin da ya lalace, su zama sabon nama.

Ba haka ta kasance ba. A 2005 Massimiliano Gnecchi da Victor Dzau a Amurka suka ga zuciyar ɓera ta samu sauƙi cikin kwana uku da dasa su, lokacin da bai isa a gina sabuwar tsoka ba. Suka bar ƙwayoyin, suka yi allurar ruwan da suka zauna a ciki kawai, aka sake samun sauƙi. A 2009 ɗakin binciken Darwin Prockop ya nuna cewa idan an sa su ta jijiya, galibinsu a huhu suke maƙalewa, su ƙare cikin 'yan kwanaki, amma duk da haka zuciyar da ke nesa ta amfana, saboda wani furotin mai kwantar da kumburi, TSG-6, da suke fitarwa. A shekarar ce Stefania Bruno da Giovanni Camussi a Turin ta Italiya suka farfaɗo da ƙodar ɓeraye da 'yan ƙullin da aka tace daga ruwan, kuma da suka lalata RNA ɗin da ke tare da su sai amfanin ya tafi. A 2010 Ruenn Chai Lai da Sai Kiang Lim a Singafo suka nuna haka a zuciya.

Tun 2005 ƙungiyar masu magani da ƙwayoyi ta duniya ta ba da shawarar a sauya harafin tsakiya ya koma stroma, kalmar Girkanci mai nufin shimfiɗa, wato ƙwayoyin da ke tallafe da wasu. Caplan da kansa ya fi kowa zafi. Daga 2010 ya fara cewa a kira su ƙwayoyin da ke aika saƙon magani, a 2017 kuma ya rubuta maƙala sukutum yana roƙon a sauya sunan da ya raɗa, don asibitocin kuɗi na amfani da shi suna yaudarar marasa lafiya. Yana da hujja: a 2016 Leigh Turner da Paul Knoepfler sun ƙirga kamfanoni 351 da ke tallar irin wannan magani a asibitoci 570 a Amurka kaɗai. Sai dai duka gyare-gyaren biyu an tsara su ne yadda haruffa ukun za su zauna yadda suke. An ji tsoron a rasa tambarin. Sakamakon haka masani ya rubuta MSC yana nufin shimfiɗa, mai talla ya karanta masa tushe, kowa ya tafi da abin da yake so.

Kalmar da ta fi shafar mu ita ce kumburi, don ita muke ji a rediyo duk lokacin da mai fassara ya ci karo da wannan batu. Celsus, marubucin Rum na ƙarni na farko, alamomi huɗu ya lissafa: ja, da kumburi, da zafi, da raɗaɗi. Sunan da Latin ya ba yanayin daga kunna wuta yake, Larabawa ma iltihabi suke cewa, daga harshen wuta. Mu muka ɗauki alama ɗaya cikin huɗu muka mai da ita sunan duka, kuma ita ce mafi ruɗarwa. Ƙafar mai ciwon ƙoda ko mai juna biyu tana kumbura, amma taruwar ruwa ce. Abin da ke cin bangon jijiyar jini shekara da shekaru kafin bugun zuciya kuwa shi ne ainihin yanayin, kuma ba abin da ya tasa da ido zai gani. Da ni za a tambaya, ruruwa ta fi kusa, tunda da ita muke faɗin wuta, da ita kuma muke faɗin ciwon da ya ƙi lafawa. Amma kumburi ya riga ya zauna a baki, da shi za mu ci gaba.

Babbar illar sunan ita ce yana sa a ɗauki abin cuta tsantsa. A 1882, a Messina ta Italiya, Élie Metchnikoff ya soka ƙaya a jikin 'ya'yan wata halittar teku mai siffar tauraro, waɗanda ake hango cikinsu tar. Washegari ya tarar wasu ƙwayoyi masu yawo sun yi wa ƙayar zobe. Daga nan ya gane cewa kumburi kariya ce, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1908. Manyan ƙwayoyin nan ya kira su makurofaj, babban maci a Girkanci. Acici, in ji mu.

A duba abin da ke faruwa idan kwalba ta yanki ƙafa. Cikin mintuna jini ya daskare ya toshe wurin. Cikin awanni wasu fararen ƙwayoyi, nutrofil, su cika wurin suna kashe ƙwayoyin cuta, su ma suna mutuwa, gawarwakinsu ne mafi yawan mugunya. Kwana biyu zuwa uku acici ya iso da yawa, yana fitar da sinadarai irin su TNF da IL-1 da IL-6, masu buɗe jijiyoyi da kiran ƙarin dakaru. Su ke kawo ja da zafi da zugi. Sannan ya shiga haɗiye matattun nutrofil, aikin da masana suka raɗa wa suna daga kalmar Latin ta kai gawa makabarta. Wannan haɗiyar ce ke juya shi. Ya rage sinadaran faɗa, ya koma fitar da IL-10 mai lafar da rikici, da wasu masu kiran sabbin jijiyoyi. Jan nama mai ƙwaya-ƙwaya ya taso daga ƙasa, masu saƙa zaren kolajin su cike ramin, fata ta rarrafo daga gefe ta rufe. A ƙafar mai ciwon suga da ya daɗe, wannan juyi ne ke tsayawa. Acici ya zauna a halin faɗa wata da watanni, rauni ya zama gyambo, wani lokaci har a kai ga yanke ƙafa.

Shi ya sa masu binciken ƙulli suka guji cewa yana danne kumburi, suka ce yana daidaita shi. Bambancin ba na ado ba ne. Magungunan sitiroyid suna dannewa, su kashe wutar gaba ɗaya, kuma shi ya sa wanda ya daɗe yana shan su rauninsa ke jinkirin warkewa, cuta kuma ke samun ƙofa. Abin da ake gani a faranti da jikin dabbobi shi ne ƙullin MSC na tura acici ya yi wancan juyi. TNF da IL-6 su sauka, IL-10 ya hau, ƙwayoyin garkuwa masu tsawatar wa 'yan uwansu su ƙaru. Ga yadda ake bayyana shi. A cikin acici akwai wani makunni, NF-κB, wanda idan ya tashi yake buɗe ɗaruruwan umarnin faɗa. Cikin 'yan guntayen RNA da ake samu a ƙulli akwai miR-146a, wanda tun 2006 ɗakin binciken David Baltimore ya nuna yana rage furotin biyu da ke kan hanyar tayar da makunnin. A bayan ƙullin kuma akwai CD73, wanda ke taimakawa wajen mai da sinadarin da ƙwayoyin da suka fashe ke zubarwa, mai ƙara tunzura garkuwa, ya koma adenosin, mai sanyaya ta.

Labarin RNA ya fi daɗin ji, musamman tun da Victor Ambros da Gary Ruvkun suka karɓi Nobel a 2024 kan gano waɗannan guntaye. Sai dai akwai lissafin da ke rage masa armashi. A 2014 John Chevillet da Muneesh Tewari a Seattle suka ƙirga, a samfura iri-iri da suka haɗa da jini da ruwan maniyyi, suka tarar a matsakaici sai an tara ƙulli sama da ɗari kafin a samu kwafi ɗaya na wani guntun RNA, ko da yana cikin mafiya yawa. To in haka ne, saƙon da ake cewa kowane ƙulli na ɗauke da shi, galibinsu babu shi. Lim ta Singafo da abokan aikinta sun karkata ga cewa furotin ne ke yin aikin. A 2017 kuma ɗakin binciken Francesco Dazzi a Landan ya kawo wata fassara da ta fi ban haushi ga masu talla: dole garkuwar jikin majiyyaci ta kashe MSC ɗin da aka sa masa, acici ya haɗiye gawar, sannan a samu lafawar. Wato wani ɓangare na maganin mutuwar ƙwayar ce.

Ko juyin acici ɗin sunansa na da tarihi irin wannan. A 2000 Charles Mills ya raba shi gida biyu, M1 mai faɗa da M2 mai gyara. Rabon ya samu karɓuwa don yana da sauƙi, kuma kusan kowace maƙala kan ƙulli za ka ga an ce ya mai da M1 zuwa M2. A 2014 gungun manyan masanan fannin suka rubuta cewa gida biyu bai isa ba, halin acici a jiki mai rai launi-launi ne, a riƙa faɗin abin da aka zuba masa da abin da aka auna. Ba a cika jin su ba.

Sai kalmar gyara. Likitanci ya bambanta sabuntawa da gyara. Hanta tana sabuntawa: a cire kashi biyu cikin uku na hantar ɓera, cikin kusan mako ɗaya zuwa biyu ta dawo da nauyinta. Zuciya ba ta yi. Binciken Cibiyar Karolinska ta Suwidin a 2009 ya kiyasta cewa kusan kashi 1 cikin 100 na ƙwayoyin tsokar zuciya ke sauyuwa a shekara ga ɗan shekara 25, kuma adadin na raguwa da tsufa. Inda tsokar ta mutu tabo ke maye gurbin, tabo kuwa ba ya bugawa. Abin da ƙulli ya nuna a dabbobi galibi shi ne rage ɓarna: ƙwayoyin da ke bakin mutuwa su tsira, sabbin jijiyoyi su yi saurin fitowa, tabo ya ragu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma fannin ya fi son a kira shi likitancin sabuntawa, kuma mai ciwon gwiwa da ya ji haka sabon guringuntsi yake sa rai.

Daga ɓera zuwa mutum tafiyar na da nisa. Ƙullin da aka sa ta jijiya cikin mintuna mafi yawansa yake barin jini, hanta da saifa su kwashe. Ba a daidaita kan awo ba, wani na ƙirga adadin burbushi, wani na auna nauyin furotin. Ƙullin ƙwayar da aka ɗebo daga cibiya dabam yake da na ɓargo, na mai bayarwa ɗaya dabam da na wani. A 2014 likitoci a Essen ta Jamus, tare da Bernd Giebel, suka ba majiyyaci ɗaya tak, wanda ɓargon da aka dasa masa ya juyo yana yaƙar jikinsa, kuma duk magani ya gagara. Gudawa da ciwon fata suka ragu, aka rage sitiroyid. Tun daga nan an yi gwaje-gwaje da dama a kan mutane, a huhu da ƙoda da gwiwa da raunuka, mafi yawansu ƙanana ne na matakin farko, masu duba ko abin na cutarwa. A Disamban 2019 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi bayan wasu mutane a jihar Nebraska sun kwanta rashin lafiya mai tsanani sakamakon allurar abin da aka sayar musu da sunan eksozom, ta kuma faɗa a fili cewa babu ko ɗaya da ta amince da shi.

Mu nan abin bai iso mu a allura sosai ba, a 'yar jakar gari ya iso. Duk mai WhatsApp ya ga tallar "sitem sel" da ake zubawa ƙarƙashin harshe, wai yana maganin suga da hawan jini da shanyewar ɓarin jiki da rashin haihuwa, kuma in ka kawo mutum biyu za a ba ka kaso. A karanta bayan jakar. Abin da ke ciki tsamen ƙwayoyin tuffa ne ko inabi. Tsiro na da nasa ƙwayoyin tushe, gaskiya ne, amma busasshen garinsu ba zai zama ƙwayar mutum ba, ciki narkar da shi yake kamar kowane abinci. Lambar rajistar kayan ƙarin abinci kuma ba shaidar warkarwa ba ce. Wanda ya ajiye maganin sugarsa don wannan gari, ƙafarsa ya sa a caca. Eksozom na nan tafe ta wannan ƙofa, ya riga ya fara bayyana a man shafawa.

A Disamban 2024 FDA ta amince da maganin MSC na farko a Amurka, Ryoncil, ga yaran da dashen ɓargo ya juya musu kuma sitiroyid ya kasa. Ƙwayoyin ne sukutum, ba ƙullinsu ba, ga ciwo ɗaya tak. A takardar amincewar, harafin tsakiya shimfiɗa aka rubuta, ba tushe ba. Ƙulli kuwa har ƙarshen 2024 babu wanda hukumar ta amince a yi wa kowa magani da shi. Saboda haka mai karatu, duk wanda ya zo maka da kwalba ko jaka mai ɗauke da ɗaya daga cikin sunayen nan, ka tambaye shi daga wace ƙwaya aka samo, wace hukuma ta amince da shi, ga wane ciwo. Mai gyambo a ƙafa kuma a kai shi asibiti a wanke, a duba sugarsa.